Makin Jarrabawar Kimiyya Da Ƙofar Koyon Injiniya

Kowace shekara, da zarar Hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawarta, sai ofisoshin ilmi su cika da iyaye, kowa da 'yar takarda a hannu, kowa kuma da tambaya iri ɗaya: yarona ya ci maki kaza, za a ɗauke shi koyon injiniya? Wanda ɗansa ya sami shiga ya ce jarrabawa gaskiya ce. Wanda nasa ya rasa ya ce an yi son kai, ko kuwa na'ura ce ta cuce shi. Mu da aikinmu ya ke tsakanin makarantu da malamansu muna ganin lokaci ya yi da za a zauna a dubi makin nan da idon basira, a san abin da ya ke aunawa da abin da ya gagare shi aunawa, domin yawancin gardamar da a ke yi a kansa ana yinta ne nesa da inda ciwon ya ke.

Bari mu fara da bayyana yadda abin ya ke tafiya, don malami ko akawun da iyaye za su tare da tambaya ya sami abin faɗi. Yaron da ke son koyon aikin injiniya a jami'ar Nijeriya yana da ƙofa uku a gabansa. Ta fari ita ce jarrabawar fita sakandare, ta WAEC ko ta NECO, inda a ke bukatar kiredit biyar, a cikinsu kuwa lalle da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Ta biyu ita ce ta JAMB, hukumar da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1978 don a daina abin da a ke yi a da, watau kowace jami'a ta yi tata jarrabawa, yaro ɗaya ya kama gurbi biyu ko uku, wani ya rasa ko ɗaya. A nan ma fannonin nan huɗu mai neman injiniya ya ke rubutawa, kowanne maki 100, jimla 400, kuma tun 2015 a kan kwamfuta a ke yinta. Ƙofa ta uku ta jami'ar ce da kanta, gama tun 2005 aka yardar wa jami'o'i su sake tantance masu nema, sa'an nan su haɗa abin da suka samu da makin JAMB su jera yara daga sama zuwa ƙasa.

A jami'o'in Tarayya ba a raba gurabe duka bisa wannan jeri. Idan sashe yana da gurbi 100, to, 45 na waɗanda suka fi kowa maki ne ko daga ina suka fito, 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka lasafta suna baya wajen ilmin zamani. Yawancin waɗannan na ƙarshe jihohin Arewa ne, ko da ya ke akwai na Kudu a cikinsu, kamar Ebonyi da Bayelsa.

Akwai wani kuskure da iyaye su ke yawan yi, wanda ya kamata kowane malami ya iya warware shi. Makin da a ke shelarsa a rediyo bayan taron hukumar da shugabannin manyan makarantu, wanda a 2025 ya zama 150 ga jami'o'i, ba shi ne makin shiga ba. Ma'anarsa kawai ita ce ba a yarda jami'a ta sauka ƙasa da shi ba. Jami'o'in da a ke rububinsu, irin su Ibadan da Legas, sukan ce wanda bai kai 200 ba kada ma ya nema. Sashen injiniya kuwa, musamman na lantarki da na ƙere-ƙere da na gine-gine, yakan fara ɗiba daga sama har gurabensa su cika, makin wanda aka ɗauka a ƙarshe shi ne iyaka a wannan shekara. Saboda haka yaro na iya cin 230 bana ya shiga, ƙanensa ya ci 240 baɗi ya rasa, ba tare da kowa ya zalunci kowa ba. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, cikin yara wajen miliyan 1 da dubu 950 da suka zauna, fiye da miliyan 1 da rabi ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa dubu 12 ne da 'yan kai. Duk mai hankali ya ga inda sassan injiniya za su riƙa kamun kifinsu.

To, akwai masu cewa tun da haka ne a soke jarrabawar ɗungum, a bar kowace jami'a ta dubi takardun yaro da shaidar malamansa. Ba mu tare da su, kuma za mu faɗi dalili a fili. A ƙasar nan, ranar da aka ɗauke maki daga kan tebur, abin da zai maye gurbinsa shi ne 'yar wasiƙa daga wani babba. Ɗan attajiri da ɗan mai mulki ba za su rasa mai rubuta musu ba. Ɗan manomin da ya fito daga makarantar je-ka-ka-dawo a bayan gari ba shi da wani mai ceto sai lambar nan da ya ci da guminsa. Lamba kuma tana da wata fa'ida wadda wasiƙa ba ta da ita: ana iya bin sawunta. A 2025 ɗin nan, da kuka ya yi yawa, aka bincika aka tarar na'urorin hukumar sun yi kuskure a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, abin ya shafi yara wajen dubu 380. Shugaban hukumar a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban jama'a ya amsa laifi, aka sake musu jarrabawa. Abin takaici ne ƙwarai, amma an gano shi ne don akwai abin da za a ƙidaya. Wa ya taɓa jin an sake wa dubban yara zaɓe don an gano alfarma ta yi yawa?

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Babbar makarantar injiniyoyi ta Amurka da a ke kira MIT ta dakatar da neman makin jarrabawar bai-ɗaya a 2020 saboda annobar korona, amma a watan Maris na 2022 ta maido da shi. Hujjar da ta bayar ita ce makin, musamman na lissafi, yana taimakonta sanin wanda zai iya ɗaukar nauyin karatunta, kuma da shi ta ke gano yara masu ƙwazo daga makarantun talakawa, waɗanda ba su da wata hanyar nuna abin da suka iya. Idan masu dukiya irin wannan sun gwada sun komo, mu ma sai mu yi hattara.

Amma yarda da jarrabawa bai hana mu faɗin aibinta ba, kuma aibin da ya fi damunmu shi ne wanda ba a cika ambatonsa ba, watau jimla. Ga misali, mu ɗauki yara biyu, kowanne ya ci 240. Na fari ya sami 75 a Turanci, 70 a Kemistiri, 50 a Fiziks, 45 a Lissafi. Na biyu ya sami 45 a Turanci, 55 a Kemistiri, 65 a Fiziks, 75 a Lissafi. A takarda kunnen doki su ke. Amma ka tambayi kowane malamin da ya taɓa koyar da 'yan shekarar fari a tsangayar injiniya wanne zai zaɓa, ba zai yi dogon tunani ba. Karatun injiniya shekara biyar ne, kuma daga ranar fari har ta ƙarshe a kan lissafi ya ke tafiya. Mai auna ƙarfin ginshiƙin gada, da mai lasafta kaurin wayar da za ta ɗauki wutar unguwa, da mai tsara magudanar ruwan gonakin rani, duk da lissafi su ke magana. Ba mu raina Turanci ba, da shi a ke karatun, da shi a ke rubuta rahoto. Sai dai yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci a gida, bai fara jin Turanci sosai ba sai a aji huɗu, yakan yi asarar maki a nan sau biyu: sau ɗaya a takardar Turancin kanta, sau ɗaya kuma wajen fahimtar tambayar Fiziks da aka nannaɗe cikin dogon zance. Raunin Turanci ana gyara shi a shekara ɗaya ta karatu da mu'amala. Raunin lissafi na shekara shida kuwa da wuya ya gyaru a zango biyu. Don haka muna ganin ya dace sassan injiniya su daina duban jimla kaɗai, su ba makin Lissafi da na Fiziks nauyi fiye da sauran, su kuma sanar da haka tun kafin yara su cika takardun nema. Wannan ba ya bukatar sabuwar doka ko sabon gini, gama makin kowane fanni yana nan a rubuce gaban mai ɗauka.

Sai kuma maganar lokaci. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun. Wanda ya raba zai ga daƙiƙa 40 ce ta faɗo wa kowace tambaya. Cikin daƙiƙa 40 ba a warware matsala, sai dai a gane ta, watau a tuna an taɓa ganin irinta. Shi ya sa gidajen koyar da dabarun jarrabawa suka cika birane, inda yaro zai yi wata uku yana haddar tambayoyin shekarun baya. Wanda ubansa ke da kuɗin wannan zai ƙaru da maki, wanda ya zo daga ƙauye, wataƙila ranar ce ma ya fara zama gaban kwamfuta, zai kashe minti goma na fari yana neman inda zai danna. Injiniya na gaske kuwa yakan kwana uku a kan matsala ɗaya, kuma babu mai ba shi amsa huɗu ya zaɓa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, jarrabawar JAMB ba ta sa yaro ya taɓa komai da hannunsa. Wannan aikin an bar wa WAEC da NECO, masu takardar gwaji, inda a ke so yaro ya rataya ɗan ƙarfe a zare ya ƙidaya lilonsa, ko ya haɗa batir da waya ya karanta ma'auni, ko ya ɗiga asid cikin kwalba har launin ruwan ya juya. A rubuce tsari ne mai kyau. Amma a zagayen da mu ke yi mun sha isa makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ke kulle da kwaɗo, mabuɗi na wurin wani da ya tafi gari, da aka buɗe kuwa sai ƙura da kujerun da suka karye. A wata makarantar mun tarar kayan na nan cikin kwalayensu shekara da shekaru, ba a taɓa kwance su ba, don shugaban yana tsoron kada wani abu ya fashe a ce ya biya. Sai saura mako biyu jarrabawa a aro kaya daga maƙwabta, a nuna wa yara sau ɗaya, a ce Allah ya ba da sa'a. Yaran nan suna fita da kiredit a Fiziks. Ta yaya suka same shi, wannan tambaya ce da kowane malami ya san amsarta a zuciyarsa, ba sai mun tona ba.

Ke nan makin da uba ya riƙo a hannu ba na ɗansa ne shi kaɗai ba. Rabinsa na yaron ne, rabi na makarantar da ya fito. Idan an ce wata jiha ba ta samun yara masu 280, ba a ce Allah ya hana 'ya'yanta ƙwaƙwalwa ba, an dai faɗi halin azuzuwanta ne.

A nan ne maganar kason nan na 20 cikin 100 ta ke shigowa, kuma muna so 'yan'uwanmu na Arewa su saurare mu da haƙuri. Ba mu ce a soke shi ba. Ƙasa mai jama'a iri-iri ba za ta zauna lafiya ba idan injiniyoyinta duka daga kusurwa ɗaya su ke fitowa, kuma akwai ƙwararru da yawa yau waɗanda ta wannan ƙofa suka shiga suka kuma fi waɗanda suka riga su maki. Amma a san iyakar abin da kaso ke iya yi. Yana iya shigar da yaro aji. Ba ya iya zauna masa jarrabawar lissafin shekarar fari, inda a ke fara darasi daga wurin da a ke zaton sakandare ta tsaya, alhali shi tasa sakandaren ba ta kai nan ba. Mun ga yaran da aka yi musu walima ranar da sunansu ya fito, bayan shekara biyu aka ba su shawara su koma wani sashe, ko su koma gida. Wa aka taimaka? Gada kuma ba ta tambayar jihar wanda ya auna ta kafin ta tsaya ko ta rushe. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne kason ya zama matashin da hukumomin jihohi ke kwanciya a kai, su ce ai 'ya'yanmu za su shiga ko da ƙaramin maki, don haka babu gaggawar gyaran makarantu.

Magabatanmu ba haka suka ɗauki abin ba. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, ta gaji sashen injiniya daga reshen Zariya na tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, kuma da yawa daga ɗalibansa na fari ba 'yan Arewa ba ne, don makarantun da ke koyar da kimiyya har matakin shiga jami'a kaɗan ne a nan. Shugabanta na fari, Dokta Norman Alexander, shi kansa malamin Fiziks ne. A zamanin wanda ya gaje shi, Dokta Ishaya Audu, jami'ar ta buɗe makarantar share fage, inda a ke ɗaukar yaran da suka gama sakandare a ƙara musu karatu har su kai mizani, daga bisani kuma aka sami jarrabawar IJMB wadda ke kai yaro kai tsaye shekara ta biyu. Dabarar ita ce a ɗaga yaro ya kai ƙofa, ƙofar kuwa a bar ta inda ta ke.

Jihar Kano ta ƙara matsawa baya, zuwa inda abin ke farawa. A 1977 ta kafa hukuma ta musamman ta makarantun kimiyya, ta buɗe biyu, ɗaya a Dawakin Kudu ɗaya a Dawakin Tofa. Aka riƙa zaɓo yara ta jarrabawa daga sauran makarantu, aka ajiye su a makarantar kwana, aka ba su ɗakunan gwaji masu kaya da malaman da suka san fanninsu. Daga baya aka buɗe wa 'yan mata tasu. Wanda duk ya san asibitoci da ma'aikatun ayyuka na Kano da Jigawa ya san yawan likitoci da injiniyoyin da suka bi ta waɗannan makarantu, kuma yawancinsu ba 'ya'yan kowa ba ne. Akwai masu sukar irin wannan tsari, suna cewa an tattara alheri wuri ɗaya an bar sauran yara, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Amma ya tabbatar da abu guda wanda ba ya musuntuwa: yaran nan da a ke cewa suna baya, da aka ba su malami da kayan aiki shekara uku, sun yi gogayya da kowa a Nijeriya ba tare da an rage musu maki ko ɗaya ba.

Malami, shi ne inda mu ke son kai zancen tun da fari. A taron da aka yanke wa jami'o'i 150 a 2025, an yanke wa kwalejojin horon malamai 100, kamar yadda aka yi a shekarun da suka gabace ta. Muna roƙon mai karatu ya ɗan yi lissafi tare da mu. Kowace tambaya tana da amsa huɗu, ɗaya ce daidai, kuma ba a rage maki don an yi kuskure. Wanda ya rufe ido ya riƙa dannawa ba tare da ya karanta ko kalma ɗaya ba, bisa ƙiyasi zai dace da ɗaya cikin huɗu. Rubu'in 400 kuwa nawa ne? Ɗari. Watau mun kafa wa wanda zai zama injiniya katanga mai tsawo, mun kuma buɗe wa wanda zai koyar da shi lissafi ƙofar da makaho ma zai iya faɗawa cikinta da laluben sanda. Bayan shekara uku a ba shi takardar NCE, a tura shi firamare ko ƙaramar sakandare, inda a ke aza harsashin kasafi da ɓangarori da aljabara. Bayan shekara goma kuma mu taru muna mamakin me ya sa yaranmu ba su kai 200 ba.

Kada a fahimce mu a karkace. A kwalejin horon malamai muka yi namu karatun, mun kuma san akwai haziƙai a cikinta har gobe, waɗansu don sha'awa suka zo, waɗansu don rashin kuɗin jami'a. Mun kuma san dalilin da ya sa aka saukar da makin: masu neman kwalejojin nan da son ransu kaɗan ne, in an ɗaga sai azuzuwa su zama kango. Amma me ya sa ba a nemansu? Don yaro yana da ido. Ya ga malaminsa na Fiziks yana jiran albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, ya gan shi da yamma yana haya da babur, ya ga mutumin da ya yi shekara goma sha biyar a mataki ɗaya ba ƙarin girma. Yaron da ya iya lissafi ya iya lasafta wannan ma. Saboda haka mai 270 ya tafi injiniya ko likita, mai 200 ya tafi inda ya samu, aikin malanta kuwa ya zama rumfar da a ke fakewa in ruwa ya tare mutum.

Da ba haka abin ya ke ba. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Kilifod ya buɗe a 1922, don horon malamai aka kafa ta, kuma yaran da suka fi kowa a makarantun larduna a ke tsamowa a kai can. Sir Ahmadu Bello ya fito daga cikinta ya koyar a Sakkwato, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi, Malam Abubakar Imam ya koyar a ta Katsina. A lokacin En'e, in malamin makaranta ya shigo taro akan tashi a ba shi wuri. Ba mu ce a koma wancan zamani ba, gama makarantun 'yan kaɗan ne, yawancin 'ya'yan talakawa kuwa ba su ga ƙofarsu ba, balle mata. Amma mutanen wancan lokaci sun gane cewa iri mafi kyau shi a ke ajiyewa don shuka, mu kuwa mun cinye namu mun bar wa gona ƙaiƙayi.

Gyaran wannan yana hannun jihohi, don su ke da yawancin makarantun sakandare, su ke kuma biyan malamansu. Abin da mu ke ba da shawara ba shi da wuyar fahimta, ko da ya ke yana da tsada. Kowace jiha ta ware wa mai koyon malantar Lissafi da Fiziks da Kemistiri tallafi na musamman tun yana kwaleji, da sharaɗin ya shigo da maki mai kyau a fannonin nan, ya kuma yi alkawarin koyarwa shekaru kaza bayan ya gama. In ya fara aiki a ba shi alawus a kan albashinsa, a ninka wa wanda ya yarda ya zauna a ƙauye, a kuma biya a kan kari. Za a ce ana fifita waɗansu malamai a kan waɗansu. Haka ne, kuma kasuwa ta riga ta fifita su, domin mai digirin Fiziks yana da wuraren zuwa da yawa, in ba a riƙe shi ba zai tafi. Kuɗin da jiha ke kashewa wajen tura ɗalibai ƙalilan karatun injiniya a ƙasashen waje, da an karkatar da wani kaso nasa nan, da ya haifi masu shiga da yawa a gida.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar ko kwabo, wanda ke hannun masu karanta wannan shafi. Ya ku shugabannin makarantu, ku buɗe ɗakunan gwajin nan. Kwalbar da ta fashe a hannun yaro ta yi aikinta, wadda ta shekara goma cikin kwali ita ce asara. Inda babu kaya, zare da dutse da agogon hannu sun isa gwajin lilo, batirin tocila da 'yar waya sun isa a nuna yadda wuta ke zagayawa. Inda kuma akwai malamin da zai iya koyar da Lissafi Mai Zurfi, wanda a yawancin jami'o'i ba dole ba ne wajen shiga amma shi ke sauƙaƙa shekarar fari a jami'a, a sa shi cikin jadawali ko da yara biyar ne suka zaɓa, a kuma tabbata akwai 'yan mata cikinsu.

Ku kuma akawuna da jami'an da ke rubuta takardun canjin wurin aiki, alƙalaminku yana yanke wa yara hukunci fiye da yadda ku ke zato. Sau da yawa mukan tarar da malaman Fiziks uku a makaranta ɗaya ta cikin birni, don kowannensu yana da wanda ya roƙa masa, alhali makarantu huɗu na ƙauyukan wannan ƙaramar hukuma ba su da ko ɗaya, malamin Aikin Gona ne ke riƙe da darasin yana karanta wa yara littafi. Kafin hutun ƙarshen shekara ya ƙare, muna so kowane ofishin ilmi ya zana sunayen manyan makarantun sakandaren da ke ƙarƙashinsa, a gaban kowace a rubuta sunan mai koyar da Lissafi da mai koyar da Fiziks na aji ɗaya, da fannin da ya karanta. Inda aka tarar da fili, a cike shi daga inda suka yi yawa kafin yara su dawo, domin waɗanda za su shiga aji ɗaya a wannan zango su ne za su zauna gaban kwamfuta nan da shekara uku.